Nasiha ga Masu Ɗaga Mota Don Ɗaukar Hatsi

Ya 'yan'uwana fatake da direbobi na ƙasar Rano da Kibiya, ga wata magana da ta shafi dukiyarmu da rayukanmu.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin dako ya hau, kowa yana son sawu ɗaya ya yi masa aikin biyu. Sai masu a-kori-kura suka dinga ƙara sifirin da manyan tayoyi, domin mota ta tashi sama, ta ƙetare kwazazzabai na ƙauye, ta sha lodi har zuwa Dawanau. To amma ku sani, buhun masara kilo 100 ne, buhu 10 sun cika tan guda, kuma galibin waɗannan motoci abin da aka ƙera su su ɗauka ke nan ko kusa da haka. Ƙarin sifirin ba ya ƙara wa birki ƙarfi.

In an ɗaga mota, zaman ƙafafunta na gaba ya sauya. Alama ta farko, bayan ka sha kwana sitiyari ba ya komowa da kansa, mota tana ta lilo a kan titi. Lodi kuma ya yi nisa da ƙasa, kifewa ta zo kusa. Ni kaina na gani a kaka ta bara, buhunan dawata a cikin rami, Allah dai ya kiyaye rai.

Ga yadda ake binciken cutar kafin a kashe kuɗi. Da fari a je wurin mai faci a daidaita iska, don taya mai ƙarancin iska tana jan mota zuwa wajenta. In tana ja har yanzu, a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. In jan ya sauya waje, laifin taya ne. In bai sauya ba, saitin ƙafa ne ko birki mai kamawa.

Sa'an nan a karanta tayar kamar allo. Ta cinye a tsakiya, iska ta yi yawa. Ta cinye gefe biyu, iska ta yi kaɗan. Ta cinye gefe guda kurum, saiti ya goce.

Daga nan a sa jak, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga. In ta yi motsi, boris ne ko gaɓar ƙafa. A kama ta dama da hagu, in ta yi motsi, tayarod ya ci. Wajibi ne a sake waɗannan kafin a yi saiti, in ba haka ba an zuba kuɗi a rijiya. In kuwa mota tana tafiya a karkace kamar kare, a duba kusar tsakiyar sifirin na baya, wataƙila ta karye.

Kai ɗan'uwa mai hatsi, kafin a ɗora maka kaya, zagaya ka dubi tayoyin gaba da idonka. Gwamma ka biya sawu biyu da ka tsinci masararka a cikin yashi. Allah ya tsare mu, ya sa wa kasuwa albarka.