Mazauna Ƙasan Ruwa a Matsayin Ma'aunin Gurɓacewar Ruwa: Daga Gaɓar Teku Zuwa Kogin Dilimi

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Sai dai ruwa mai gudu yakan ɓoye abin da ya tsamar da shi, domin dattin da aka zuba masa da dare, kafin hantsi ya yi nisa. Abin da ba ya gudu shi ne laka da yashin da ke kwance a ƙasa, tare da ƙananan halittun da ke zaune a cikinsu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda masana muhalli ke amfani da waɗannan halittu wajen gane gurɓacewar ruwa. Za a fara da teku, inda wannan ilimi ya yi ƙarfi, sa'an nan a dawo kan Kogin Dilimi, wanda ya ratsa ta gefen unguwar Kongo-Rasha a Jos, inda jama'a ke wanki da ban-ruwan lambu da shi.

2.0 Ma'anar Mazauna Ƙasan Ruwa

Masana na kiran waɗannan halittu da kalmar bentos, wadda aka aro daga Girkanci, ma'anarta kuwa zurfin teku. A wannan maƙala an zaɓi a kira su mazauna ƙasan ruwa. A gaɓar teku sun ƙunshi ƙaguwa da jatan lande da dodon koɗi da tsutsotsi masu gashi-gashi a jiki. A kogi kuwa akwai matsattsaku da tanar ruwa da dodon koɗi, da kuma 'ya'yan ƙwari irin su mazari, waɗanda ke yin ƙuruciyarsu a ruwa kafin su yi fiffike. Aikinsu shi ne cin ruɓaɓɓen ganye da juya laka, kamar yadda tana ke juya ƙasar gona. Su ne kuma cimar kifaye irin su tarwaɗa.

Dalilai uku ne suka sa aka dogara da su. Na farko, ba su iya ƙaura idan guba ta zo, saɓanin kifi. Na biyu, sukan yi watanni ko shekaru a wuri guda, don haka duk abin da ya wuce ta kansu yakan bar alama. Na uku, juriyarsu ta bambanta, wasu da ɗan datti kaɗan sun mutu, wasu kuwa a cikin dagwalo suka fi walawa.

3.0 Yadda Datti Ke Sauya Su

Pearson da Rosenberg (1978) sun bayyana matakai huɗu da ƙasan teku ke bi idan ruɓaɓɓen datti, kamar ruwan kwata, ya yi masa yawa. A matakin farko akwai iri-iri masu yawa, wasunsu manya masu haƙa rami mai zurfi. A na biyu manyan sukan ragu, domin ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da dattin suna shanye iskar oksijin da ke cikin ruwa. A na uku iri kaɗan ne ke saura, amma sai su hayayyafa fiye da kima, musamman wata 'yar tsutsa da ake kira Capitella capitata. A na huɗu babu sauran dabba, sai baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ke nan yawan kawuna ba shi ne alamar lafiyar ruwa ba, yawan iri shi ne.

Akwai kuma ƙarafa masu guba, wato dalma da zaiba da kadmiyam. Waɗannan ba su ruɓewa. Sukan maƙale a laka, tsutsa ta ci laka, kifi ya ci tsutsa, mutum ya ci kifi. Alal misali, a Minamata ta ƙasar Japan an gano cutar da zaibar wata masana'anta ta haddasa a 1956, aka yi aikin yashe lakar gaɓar daga 1977 zuwa 1990, ba a kuma tabbatar da cewa kifin wurin ya ciwu ba sai a 1997.

4.0 Hanyar Awo

A teku akan jefa wata na'ura mai muƙamuƙi biyu daga jirgin ruwa, ta cafko lakar fili mai faɗin kashi ɗaya bisa goma na murabba'in mita, a tace da rariya mai idon milimita ɗaya ko rabi. A ƙaramin kogi abin ya fi sauƙi. Mai awo zai kafa koma a inda ruwa ya nufa, ya yi ta birkita duwatsu da ƙafa na minti uku, ya juye abin da ya kama a farin faranti, ya ware, ya ƙidaya.

Daga nan sai a ba kowane dangi maki. A tsarin BMWP na Birtaniya makin daga 1 ne zuwa 10. Tanar ruwa na da 1, jajayen tsutsotsin laka na da 2, wasu 'ya'yan ƙwari masu son ruwa garau kuwa 10. A Afirka ta Kudu an sauƙaƙa irin wannan tsari zuwa rukuni 13, aka kira shi miniSASS, domin 'yan makaranta su iya amfani da shi. Sharaɗin awo shi ne a kwatanta sama da ƙasan inda ake zargi, a auna da rani da damina, a kuma maimaita shekara da shekaru a wuri guda.

5.0 Gaɓar Tekun Nijeriya

Tsawon gaɓar tekun Nijeriya ya kai kimanin kilomita 853. Cibiyar nazarin teku ta NIOMR da ke Legas an kafa ta ne a 1975. Sharar guba da aka jibge a garin Koko a 1988 ita ta sa aka kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a wannan shekara. Daga baya aka kafa NOSDRA a 2006 domin sa ido kan malalar mai, da NESREA a 2007.

Duk da haka, malalar ɗanyen mai a Bodo ta ƙasar Ogoni a 2008 ta halaka itatuwan bakin ruwa da ƙananan dodon koɗi da matan yankin ke tsinta a laka su ci, su sayar. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Agustan 2011 ya nuna cewa a Ejama-Ebubu an tarar da gurɓata mai tsanani shekara 40 bayan malalar mai, ya kuma ƙiyasta cewa farfaɗo da ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30.

6.0 Kogin Dilimi da Kongo-Rasha

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, nesa da teku, amma ƙa'idar ba ta sauya ba. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka yi ta haƙar kuza a wannan tudu, har farashinta ya karye a 1985. Sun bar kududdufai da tulin ƙasar da aka wanke, wadda ke ɗauke da ma'adinan monazait da zirkon masu fitar da tururin nukiliya. Wankin kuza yakan tura laka cikin rafuka, laka kuwa takan toshe saƙo-saƙon duwatsu inda 'ya'yan ƙwari ke fakewa.

Bayan haƙar kuza sai cunkoson gari. A inda Dilimi ya ratsa unguwanni irin su Kongo-Rasha, ruwan kwata da leda da shara da baƙin man garejoji suna gangarawa cikinsa. Da rani, lokacin da ruwa ya ja baya datti ya yi kauri, a lokacin ne masu lambu suka fi buƙatarsa domin karas da latas da kabeji da ake kaiwa kasuwar Farin Gada. Pasquini (2006) ta yi nazarin tokar bola da manoman kewayen Jos ke zubawa a lambu a madadin taki, ta kuma ja hankali kan ƙarafa masu guba da kan biyo ta. Daɗin daɗawa, a inda ruwa ya kwanta dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yakan sami mazauni.

Matsalar ba ta tsaya a Jos ba. Ruwan Dilimi yana shiga Kogin Jama'are, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya nufi Tafkin Chadi. Kogin Kaduna da na Gongola kuwa, waɗanda su ma daga wannan tudu suka taso, suna shiga Kwara da Binuwai, su ƙare a teku.

7.0 Kammalawa

An ga cewa awon ruwan sama-sama yana nuna halin rana guda ne, mazauna ƙasan ruwa kuwa suna nuna halin watanni da shekaru. Awonsu a kogi bai buƙaci abin da ya wuce koma da faranti da idon da aka horar ba. Saboda haka ya dace a tsayar da wuraren awo uku a Dilimi, ɗaya kafin ya shiga gari, ɗaya a Kongo-Rasha, ɗaya bayan Farin Gada, a riƙa dubawa sau biyu a shekara tare da Jami'ar Jos da makarantun unguwa. Hakan ba zai yiwu ba sai an tattara sunayen waɗannan halittu daga bakin masunta da masu lambu, da Hausa da Birom da Anaguta da Izere, an kuma ƙirƙiro wa waɗanda ba su da suna. Mai lambun da ya ɗaga dutse ya ga jajayen tsutsotsi kaɗai, ya kuma san ma'anar hakan, zai yi tunani kafin ya kunna injin ban-ruwa.