Ɗakin ne ya yi kaɗan, ko kayan ne suka yi yawa?

Leƙa ƙarƙashin gadonka. In ɗakinka irin nawa ne, za ka tarar da jakar Gana-mas-go cike da tufafin da rabonka da sa su tun kafin korona, da takalmi wari ɗaya, da cajar wayar da ta daɗe da mutuwa. Duk da haka kullum ƙorafinmu shi ne ɗaki ya yi kaɗan.

Bari mu fara da lissafi. Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, tsayinsa daga daɓe zuwa silin ƙafa 10. Ƙofa takan kai wajen ƙafa 7. Daga saman ƙofa zuwa silin saura ƙafa 3 ke nan, wato kashi 30 cikin 100 na cikin ɗakin gaba ɗaya, kuma a yawancin gidaje ba mai amfana da shi sai gizo-gizo. Kanta guda ta katako da kafinta zai kafa maka a can sama za ta ɗauke bargo da rigunan sanyi da akwatin tafiya, abubuwan da ba ka nema sai shekara-shekara. Mai nauyi dai a bar shi ƙasa, kada wata rana ya faɗo wa yaro a ka.

Siffar mazubi ma tana da tasiri. In ka zana da'ira a cikin murabba'i, kashi 78.5 cikin 100 kawai take cikewa. Ma'ana, robobi masu zagaye da ka jera a kanta suna zubar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na wurin a tsakankaninsu. Masu kusurwa huɗu kuwa manne wa juna suke yi.

To amma fa, ko kanta goma ka kafa, in kayan ba su ragu ba, cika za su yi. Me ya sa rabuwa da abin da ba ma amfani da shi yake mana wuya haka? A 1990 Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler sun wallafa wani gwaji da suka yi da ɗaliban jami'ar Cornell a Amurka. Sun raba wa rabin ɗaliban kofunan shayi kyauta, sannan suka buɗe ciniki. Waɗanda aka bai wa kofi sun nemi kusan ninki biyu na kuɗin da sauran suka yarda su biya. Kofi iri ɗaya ne, kuma mintuna kaɗan ya yi a hannunsu. Da zarar abu ya zama naka, ƙwaƙwalwa sai ta ƙara masa daraja, ta ɗauki rabuwa da shi a matsayin asara. Yanzu ka kwatanta da kwanukan jeren da mahaifiya ta zo da su ranar aurenta. Ni kam na taɓa gwada cewa a rage su, sau ɗaya, ban sake ba.

Akwai dabarar zagaye wannan. Maimakon ka tambayi kanka ko za ka iya rabuwa da abu, tambayi kanka: da a ce ba nawa ba ne, na gan shi a kasuwa yau, zan cire kuɗi in saya? Wanda ka kasa yanke masa hukunci ka sa shi a kwali, ka rubuta kwanan wata. In shekara ta zagayo, damina da hunturu da bazara duk sun wuce ba ka buɗe ba, akwai maƙwabcin da ya fi ka buƙatarsa.

Kada ka ɗauka maganar ta kyan gani ce kawai. A 2010 Darby Saxbe da Rena Repetti sun nazarci ma'aurata 30 a birnin Los Angeles. Matan da suka bayyana gidajensu da kalmomin cunkoso da aikin da ba a gama ba, sinadarin damuwa na kotisol bai sauka a jikinsu zuwa yamma yadda ya kamata ba. Alaƙa aka gani, kuma zai yiwu gajiyar ce ke hana gyaran gidan tun farko.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno a yau, yana kama mutum ta abinci ko kayan da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa, kuma ya fi ƙamari da rani. Tarin kwalaye da tsummoki a lungu maɓoya ce gare shi. Saboda haka buhun shinkafa ko masara kada ya zauna a daɓe. Ɗora shi kan katako, ka bar tazara tsakaninsa da bango yadda tsintsiya za ta shiga, wanda aka riga aka farke kuma a juye shi cikin roba ko duro mai murfi.