Ma'ana da Amfanin Sunayen Digirorin Gaba da Na Farko a Hausa

A wannan takarda za mu duba sunayen da Hausa ta ba shaidar ilmin da ake samu bayan digiri na farko, bisa ga yadda muke jin su a bakin jama'ar Ikara da Maƙarfi da Kudan. Waɗannan garuruwa maƙwabtan Zariya ne, kuma 'ya'yansu sun daɗe suna neman ilmi a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962.

Matakan uku ne. Na farko shi ne diflomar da mai digiri yake yi, galibi cikin shekara guda, kamar PGDE ta koyarwa. Wasu kan kira ta "babbar difloma", alhali kuwa wannan suna ne na HND ta kwalejin fasaha, wadda ba ta bukatar digiri. Na biyu shi ne mastas, wato digiri na biyu, wanda ya ƙunshi darussa da rubuta kundi. Na uku shi ne PhD, wanda ba a bayarwa sai ɗalibi ya yi bincike na ƙashin kansa, ya kuma kāre shi a gaban masana.

Rikicin ya fi tsanani a kan "digirin digirgir". Kalmar wasa ce da sautin "digiri", tana kuma tuna mana da digirgire, wato ɗaukar kaya a ka ba tare da riƙewa ba. Kafofin watsa labarai sun fi nufin digiri na uku da ita, amma akwai masu laƙaba ta ga na biyu. Haka kuma "Dakta": asalinta Latin ne, ma'anarta mai koyarwa, amma mutumin karkara likita yake fahimta. Ga kuma digirin girmamawa, wanda kyauta ce, ba sakamakon bincike ba.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin da waɗannan takardu ake ɗaukar malami aiki, da su ake yi masa ƙarin girma. Saboda haka muna ba da shawarar a tsaya ga ƙidaya a rubuce-rubucen ilmi: digiri na biyu, digiri na uku, da "diflomar bayan digiri". "Digirgir" kuwa, in za a yi amfani da ita, a keɓe ta ga na uku kaɗai.