Karen Gadi: Bulala ko Lada?

Falke idan ya yi nisa, hankalinsa na kan gida. Shi ya sa wasu ke ajiye karen gadi. Sai dai kare marar horo yana iya cizon ɗan maƙwabci, a wayi gari kana gaban hukuma a ƙasar da kake baƙo.

Masu horarwa sun rabu gida biyu. Wasu tsawa da duka suka riƙe, wai sai kare ya san wane ne maigida. Ra'ayin ya samo asali daga binciken kyarketan da ke tsare, wanda masani David Mech ya yi wa gyara a 1999. Wasu kuwa lada suke bayarwa: aka ce zauna ya zauna, nan take a ba shi guntun nama. Karen da ya tashi cikin tsoro ya fi saurin cizo.

Kafin ka biya, ka je ka kalli darasi ɗaya. Ka tambaya: in kare ya ƙi ji, me ake yi masa? Ka zaɓi mai zuwa gida ya koya wa uwargida da yara, tunda su ke wuni da shi. Allurar haukan kare kuwa, kada a yi wasa da ita.