Gyaran Jikin Doki a Bargar Daura

A ƙasashen Turai da Amurka akwai shaguna na musamman inda ake kai karnuka masu kaurin gashi a taje su, a wanke su, a busar da su, a kuma biya kuɗi. Bahaushe kan ji wannan ya yi dariya, domin karen farautarsa gajeren gashi gare shi, ba ya bukatar mataji. Amma ita wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Dabbar ce kawai ta bambanta. A nan doki ake yi wa wannan hidima.

A Daura kuwa zancen doki ya haɗu da tarihi. Labarin Bayajida ya nuna a kan doki ya iso garin, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, kuma neman ruwa ne ya kai shi rijiyar Kusugu inda ya kashe macijiya. Har yau a kan dawaki ake hawan salla da na Sallar Gani, kuma a shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan salla na Kano cikin al'adun duniya da ake tattalinsu.

Mai kallon hawa sirdi da linzami da jalala yake gani. Aikin gaske a barga yake, tun da asuba. Ɗan barga zai fara kwashe kashi daga gindin turke, sannan ya sosa jikin dokin yana bin kwancin gashi har ƙura da busasshen gumi su fita. Ba don kyau kaɗai ake yin haka ba. Gumin da ya bushe a gadon baya, in aka ɗora sirdi a kansa, gogar fata yake yi har ya zama gyambo, dokin da ya yi gyambo kuwa ba ya hawuwa sai ya warke. A lokacin susar ne kuma ake gano kaska a cikin kunne da ƙarƙashin wutsiya, musamman da damina.

Geza da wutsiya su suka fi cin lokaci. Daga ƙasa ake fara tsefe su a hankali ana hawa sama. Mai gaggawa tsinke gashin yake yi, wanda sai an yi watanni kafin ya komo. Bayan wanka ba a ɗaura sirdi sai jikin ya bushe sarai. Daga nan a duba kofato, a ƙwaƙule tsakuwar da ta maƙale, a zuba masa dusa da ɗan kanwa.