Yadda masu kutse ke cankar kalmar sirri a manyan kwamfutoci

A zaɓen shugaban ƙasar Nijeriya na ranar 25 ga watan Fabrairun 2023, an tsara cewa kowace rumfa, tun daga na birane har zuwa na ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari a kudancin jihar Sakkwato, za ta ɗauki hoton takardar sakamako da na'urar BVAS ta aika zuwa shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC.

Ke nan amanar ƙuri'ar manomi a Shagari ta rataya har a kan wata babbar kwamfuta mai adana bayanai, wadda ake kira saba, da kuma ƙarfin makullin ƙofarta.

Bayan zaɓen, ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Farfesa Isa Ali Pantami ta ce an yi yunƙurin kutse kusan miliyan 13 a shafukan intanet na ƙasar cikin waɗannan kwanaki, kusan miliyan 7 daga ciki a ranar zaɓen kaɗai.

Ma'aikatar ta ce an daƙile hare-haren, kuma cikinsu har da ƙoƙarin shiga ta SSH, wato ƙofar da injiniyoyi ke bi su sarrafa saba daga nesa. Ita kuwa INEC ta danganta jinkirin ɗora sakamakon shugaban ƙasa da tangarɗar na'ura, ba kutse ba.

Yadda ake cankar

Mai kutse ba ya zama yana buga haruffa da hannu. Manhaja ce ke gwada sunaye da kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, tana farawa da waɗanda mutane suka fi zaɓa.

Dabarar tsohuwa ce. A 1988 manhajar Morris ta bazu a kwamfutocin Amurka, kuma cikin makamanta har da jerin kalmomi ɗari huɗu da 'yan kai. A 2009, da aka sace kalmomin sirri miliyan 32 daga kamfanin RockYou, an tarar 123456 ce kan gaba.

Duk mai cire kuɗi wurin mai POS a kasuwar Boɗinga ya san maganin farko. Lambar katin banki mai alƙaluma huɗu ba ta wuce yiwuwa 10,000 ba, amma kuskure uku kan sa a rufe katin. Abin da ke tsare kuɗin shi ne ƙidayar kuskuren.

Inda rauni yake

Rauni na farko shi ne sabar da ba ta ƙidaya kuskure, ta bar baƙo ya yi ta gwaji ba iyaka.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Idan saba tana rufe asusu bayan kuskure kaɗan, masu kutse sai su ɗauki kalma ɗaya su gwada ta a kan asusu dubbai, ta yadda babu asusun da zai kai haddin rufewa.

Da wannan salon aka shiga wasiƙun wasu shugabannin Microsoft, kamar yadda kamfanin ya bayyana a watan Janairun 2024. An bi ne ta wani tsohon asusun gwaji da ba shi da matakin tantancewa na biyu.

Na uku, toshe adireshin intanet ɗin da harin ke fitowa ba ya wadatarwa, domin maharan kan rarraba aikin a kan dubban na'urorin da suka riga suka kame. A 2016 manhajar Mirai ta tara irin wannan runduna ta hanyar gwada kalmomi kusan 60 da masana'antu ke sakawa a kyamarori da na'urorin intanet, waɗanda masu saye ba su sauya ba.

Hakazalika rufe asusun kansa kan zama makami: abokin gaba zai iya buga kuskure da gangan don ya hana ma'aikaci shiga a daidai lokacin da ake buƙatarsa, kamar daren tattara sakamako.

Matakan kariya

Masana tsaron kwamfuta na ba da shawarar a riƙa tsawaita jira bayan kowane kuskure, a ƙidaya gwaji a faɗin saba baki ɗaya, a kuma hana zaɓen kalmomin da aka riga aka sani.

Sannan a ƙara mataki na biyu, kamar lambar da ke zuwa ta wayar salula, a rufe tsofaffin asusu, a kuma maye gurbin kalmar sirri da makullin lissafi a ƙofar SSH.

Wannan bai tsaya kan zaɓe ba. Albashin malamin firamare, rajistar jarrabawar JAMB da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN duk suna bayan irin wannan ƙofa ne, kuma asusu ɗaya da aka manta da shi ya isa ya buɗe ta.