Bashin da Aka Biya, Ya Kuma Dawo

Mutanen Funtuwa da Malumfashi da Bakori ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Aka yi wata da watanni ba sabis. Ku riƙe wannan, yana da amfani nan gaba.

Manyan rumbunan bayanai ba sa dogara da kwamfuta ɗaya. Yawanci kwafi uku ake ajiyewa, kowanne a na'urarsa. Rubutawa ba wuya, gogewa ce aiki.

A ce dillalin taki yana da littafin bashi uku, ɗaya a Funtuwa, ɗaya a Malumfashi, ɗaya a Bakori. Manomi ya sayar da masararsa da kaka, ya biya. Aka goge sunansa a littafi biyu, shagon Bakori kuwa a rufe yake ranar. Da aka zo haɗa littattafai, sai yaron Bakori ya ce ai kun tsallake wannan, a kwafa. Shi ke nan, bashi ya dawo, har a littattafan da aka goge!

To, manhajar rumbun bayanai ta Cassandra, wadda Facebook ya saki a 2008, ba ta gogewa nan take. Alama take sakawa, mai ɗauke da lokaci, cewa wannan bayani ya mutu. Alamar kabari injiniyoyi ke ce mata. In kwafi biyu suka saɓa, mai sabon lokaci ke da gaskiya.

Sai dai alamomin nan in suka taru suna nauyaya bincike, dole a share su. Wa'adin da manhajar ke zuwa da shi daƙiƙa 864,000 ne, wato kwana 10. Kwana 10 kacal, jama'a! Wanda ya yanke wannan wa'adi, ina jin bai taɓa zama inda sabis ke ɗaukewa wata guda ba. Na'urar da ta yanke fiye da haka, in ta dawo ba kabarin da za a nuna mata, sai ta raba wa sauran mataccen bayani.

Shi ya sa ake gyaran kwafi kafin wa'adin ya cika, a gwada na'urorin da dabarar lissafi ta Ralph Merkle, a cike giɓi. Wadda ta wuce wa'adi kuwa, wanke ta ake yi tas, a sake cika ta daga 'yan uwanta.